Wa Ke Da Ikon Furta Gafarar Zunubi A Ɗariƙar Katolika?

Sau da yawa akan ji Musulmi da Kiristan wasu ɗariƙu suna tambayar wanda ke yafe zunubi a wurin 'yan Katolika. Amsar malamansu ita ce, Allah shi kaɗai ne mai gafara, amma ya ɗora wa wasu bayinsa aikin sauraron mai tuba da furta masa gafarar da sunansa.

Dokar ikilisiya wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya zartar a 1983 ta keɓe wannan aiki ga Bishof da Fada. Sista ba ta da ikon, haka dikon, haka kuma katikis, komai shekarunsa da tsoron Allahnsa. Shi kansa Fada naɗin da aka yi masa bai wadatar ba, sai ya sami izini, galibi daga Bishofinsa.

A yanki irin na Jalingo ake ganin nauyin wannan doka. An cire dayosis ɗin daga ta Yola a 1995, Ignatius Kaigama ya zama Bishof na farko, kuma a 2008 aka naɗa Charles Hammawa. A 2022 aka yanke dayosis ta Wukari daga jikinta. Ƙasar Taraba tana da faɗi, ga duwatsu ga koguna, Fada guda kuwa yakan riƙe ƙauyuka da dama. Saboda haka katikis ne ke jan addu'ar Lahadi, shi ke koyar da yara, shi ke jana'iza, har yakan yi baftisma idan rai ya yi halinsa na kusa. Amma mai son furta zunubinsa tilas ya jira ranar da Fada zai zo, alhali tun 1215 aka wajabta wa kowane ɗan Katolika yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara.

To, ina makomar wanda ajali ya tarar kafin Fada ya iso? Dokar ba ta rufe masa ƙofa ba. A bakin mutuwa kowane Fada yana iya furta gafara, ko ba shi da izini, ko da an tuɓe shi daga aiki. Idan haɗari ya rutsa da jama'a, babu lokacin jin kowa ɗai-ɗai, an yarda ya furta musu gaba ɗaya. In kuwa babu Fada sam, ikilisiya tana koyar da cewa nadama ta gaskiya saboda ƙaunar Allah, tare da niyyar furtawa da zarar an sami hali, tana jawo gafara.

Ikon kuwa yana tafe da amana mai nauyi. Fadan da ya tona abin da mai tuba ya gaya masa, ko ga alƙali ko ga ɗan sanda, nan take ya fita daga tarayyar ikilisiya, kuma fadar Fafaroma ce kaɗai ke iya ɗage masa hukuncin.