Minjirya a Falo: Na'urar Da Ba Ta Da Maɓallin Kashewa

A makon jiya wani abokina ya turo mini gajeren bidiyo a WhatsApp. Wani saurayi ne ya tsoma hannu cikin akwatin gilashi mai ruwa, ya taɓa wani kifi mai ƙiba, ruwan toka, mai ɗigo-ɗigon baƙi. Nan take ya yi tsalle da baya yana yarfe hannu, abokansa suna ta ƙyaƙyata dariya. A ƙasan bidiyon abokin nawa ya rubuta: "Malam, ina ake sayar da wannan? A falona nake son in ajiye shi."

Tun kafin bidiyon ya ƙare na gane kifin. Minjirya ce, wadda masuntanmu suka daɗe da sanin halinta. Amsar da na ba shi gajeriya ce: kada ka saya. Amma na san ba shi kaɗai irin wannan bidiyo ya burge ba, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi dalilaina a nan. Kuma babban dalilina ba tsoron jan wutarta ba ne. Dalilina shi ne mun saba sayen kaya irin sayen waya: ka gani, ta burge ka, ka saya, in ka gaji ka kai kasuwa ka yi musaya. Manyan kifaye masu gashin baki ba sa shiga wannan tsarin.

Bari mu duba bayananta tukuna

Kafin ka sayi waya kana duba girman batir da ƙarfin kyamara. To ga bayanan minjirya. Tana rayuwa a kogin Neja da Tafkin Chadi da kogin Nilu da na Bolta da na Senegal. Ba ta da ɓawo a jiki, idanunta ƙanana ne, kuma da dare take farauta. A kogi tana iya kaiwa tsawon mita 1.2 da nauyin kilo 20. Ƙarƙashin fatarta akwai wani sashe da ya lulluɓe kusan duk jikinta, mai ɗauke da ɗimbin ƙwayoyin halitta da ke sakin wuta a lokaci guda, kamar an jera ƙananan batura an haɗa su. Babbar minjirya tana iya fitar da kusan bolt 350. Soket ɗin ɗakinka bolt 230 yake bayarwa, cajar wayarka ta yau da kullum kuwa bolt 5.

Ba yau ta fara ba mutane mamaki ba. Mutanen Misira sun zana ta a bangon kaburbura fiye da shekaru 4,000 da suka wuce. Larabawa suka kira ta "ra'ad", kalmar da mu ma muka aro muke cewa aradu. Batirin da ke cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ma yana da dangantaka da irin waɗannan kifaye. Lokacin da Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya bayyana batirinsa na farko a 1800, da gaɓar kifi mai wuta ya kwatanta shi. Daga sunansa aka samo kalmar bolt.

Na san tambayar da ke zuwa: za ta iya cajin waya? A'a. Kowane bugu na wutarta bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Yawan bolt daban, yawan makamashi daban. Ƙaiƙayin wutar da ke cizonka in ka taɓa ƙofar mota da hunturu ya haura bolt dubu, amma ba zai kunna ko tocila ba. Wutar minjirya makami ne na sumar da ƙananan kifaye da korar abokin gaba, ba janareta ba ne.

Matsala ta farko: girma

A shago, 'yar ƙarama za a nuna maka, kamar yatsa. Haka ake sayar da sauran manyan. Akwai kifin nan mai jan wutsiya na kogin Amazon da Orinoko, wanda ya cika bidiyoyin TikTok da YouTube. Yana ƙarami gwanin ban sha'awa, amma yana wuce mita ɗaya in ya girma, kuma yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Akwai na kogin Mekong da ake tallatawa da sunan shak saboda siffarsa, shi ma yana wuce mita. Ko ramboshinmu na gida haka yake.

Mai sayarwa zai iya ce maka kifi yana girma ne daidai da girman akwatinsa. Wannan magana ce ta kasuwa. Abin da ke faruwa shi ne matsi da dattin ruwa suna tauye shi, ya tsumbure, ya yi ta rashin lafiya, ya mutu tun kwanansa ba su kai ba.

Bari mu yi lissafi. A ce minjiryarka ta tsaya a santimita 60, rabin abin da take iya kaiwa. Don ta juya ta yi iyo kana bukatar akwati mai tsawon mita 2, faɗi santimita 70, zurfi santimita 70. Wannan lita 980 ce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato kusan tan guda ke nan, ban da nauyin gilashi da yashi da teburin da zai ɗauka. In a saman bene kake haya, sai ka fara tambayar mai gida. Sannan duk mako za ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo: lita 245, kusan jarka 10 ta lita 25. Ka san farashin jarka a unguwarku a watan Afrilu, ka ninka da makonni 52.

Duk wannan hidima don kifi ɗaya tal, domin minjirya ba ta zama da maƙwabci. Duk kifin da ka sa mata, ko dai abinci ne ko abin gwada makami. Kuma da rana, lokacin da baƙi za su zo, tana kwance cikin maɓoya ba ta motsi.

Matsala ta biyu: kifi mai wuta, rashin wuta ke kashe shi

Wannan ita ce matsalar da masu bidiyon ƙasashen waje ba za su gaya maka ba, don ba su san ta ba. Akwatin kifi ba randa ba ne, inji ne da dole ya yi aiki dare da rana. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne gare shi. A cikin matacin ruwa akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniyar zuwa wani sinadari mai sauƙin illa. Su ma waɗannan ƙwayoyi suna bukatar iska da ruwa mai gudana. In an ɗauke wuta matacin ya tsaya na sa'o'i masu yawa, sai su fara mutuwa, gubar ta taru. Babban kifi mai cin nama kuwa dattinsa ba kaɗan ba ne.

Zafi yana ƙara dagula lamarin. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe iskar shaƙa kusan miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 kuwa ya sauko kusan 7.5. Wato a watannin da ɗaki ya fi zafi, a lokacin ne kifi ya fi bukatar famfon iska. Kada ka auna da tarwaɗar da kake gani tana kwana a baho a kasuwa. Ita tana da wata gaɓa ta musamman da take shaƙar iska kai tsaye, kuma ba kowane kifi mai gashin baki ke da wannan baiwar ba.

Ga lissafin da ɗan sola zai gane. Matacin ruwa mai wat 25 yana cin wat-awa 600 a kwana ɗaya. Fawa bank ɗinka mai 20,000mAh wat-awa 74 ne kacal a cikinsa, sai ka haɗa takwas kafin su kai makamashin kwana ɗaya. Batirin inbata mai bolt 12 da 100Ah wat-awa 1,200 ne a rubuce, amma in irin na dalma ne rabi ya kamata ka ja don kada ya lalace. Ke nan batir guda na matacin ruwa ne kawai. In hunturu ya kama ka kunna hita mai wat 300, sa'o'i biyu na aikinta sun cinye wannan rabin. Mutumin da ke zagaye neman inda zai sa cajin wayarsa bai shirya wa wannan nauyi ba, kuma ba abin kunya ba ne ya yarda da haka.

Hannu a ruwa

Jan wutar minjirya yana da zafi, kuma na babba yana iya firgita mutum ya faɗi ko ya buge gilashi. Mai ciwon zuciya, ko wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, bai kamata ya kusance ta ba. Ka tuna kuma da ƙannenka da 'ya'yan maƙwabta, waɗanda za su tsoma hannu da zarar ka juya baya.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. A akwatin kifi na yau da kullum, in ka ji wuta ta ɗan cije ka, ka san hita ta tsage ko waya ta zube, sai ka kashe soket. A akwatin minjirya cewa za ka yi kifin ne, ka yi dariya. Ita wutar soket ba bugu ɗaya take yi ta saki ba, riƙewa take yi, kuma tana kisa. Duk mai akwatin kifi, kowane iri ne, ya sa a haɗa masa na'urar da ke katse wuta in ta fara zuba, mai aiki a 30mA, ya kuma zare duk filogi kafin hannunsa ya shiga ruwa.

Su kuma masu tsokanar ta don a samu masu kallo, su sani ba wasa take yi ba. Duk lokacin da aka taɓa ta ta saki wuta, kare ranta take yi, don a ganinta wani abu ne ya zo cinye ta.

"Ai kifinmu ne, har cin sa ake yi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da abokina ya kawo, kuma tana da nauyi. Gaskiya ne minjirya 'yar gida ce, ana kama ta ana ci, kuma yanayinmu ya fi dacewa da ita fiye da sanyin Turai. Gaskiya ne kuma akwai mutanen da ke kiwon manyan kifaye da kyau: suna da kwamin siminti a tsakar gida, da sola, da rijiyar burtsatse, da ilimin abin. Ban da magana a kansu.

Amma masunci da ya kama ta don abinci, lamarinsu ya ƙare a rana ɗaya. Kai da ka sa ta a gilashi ka ɗauki alkawarin shekaru ne, domin tana iya yin shekara 10. Ka tambayi kanka ina za ka kasance a lokacin. Karatu, bautar ƙasa, aure, sauya gida. Waya tana shiga aljihu ta bi ka, tan guda na ruwa ba ya bin kowa.

Ranar da ka gaji

Tsohuwar waya ana kai ta kasuwa a cika kuɗi a karɓi sabuwa. Kifi mai tsawon mita ba shi da mai musaya. A Ingila, gidajen nuna kifaye sai da suka haɗu suka yi gangamin wayar da kai a kan sayen irin waɗannan kifaye, saboda yawan masu kawo musu waɗanda suka fi ƙarfin akwati, alhali ba su da wurin sa su.

Abin da ya rage wa mutane da yawa shi ne su juye shi a kogi ko dam, suna ganin sun yi alheri. A Amurka, wata tarwaɗar Asiya da aka shigar don kasuwar kifin ado ta kuɓuce a jihar Fulorida a shekarun 1960, ta bazu, har yau tana nan. A Filifin da Meziko, kifin nan mai manne wa gilashi yana lasar gansakuka ya cika wasu koguna da tafkuna, yana yaga komar masunta yana rage musu kamu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Dam ɗin Tiga da kogin Haɗeja abincin dubban gidaje ne, ba wurin zubar da abin da muka gaji da shi ba.

Shawarata

In da gaske kifi kake so, fara da abin da wutarka da aljihunka za su ɗauka. Akwati mai lita 60 zuwa 100 ya isa. In gashin baki ne ya burge ka, akwai ƙananan Corydoras da ba sa wuce santimita 7, akwai kuma ɗan ƙurungun Kwango mai iyo a rigingine, wanda ke tsayawa a kusan santimita 10. Sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da USB. Wat ɗaya ko biyu yake ci, fawa bank ɗin nan naka zai riƙe shi fiye da kwana guda.

Kuma kafin ka biya kuɗin kowane kifi, ɗauko wayarka a gaban mai shagon, ka nemi cikakken sunansa, ka bincika abu uku: iyakar girmansa, shekarun da yake yi, da abin da yake ci. Minti biyu ne da data kaɗan. In mai shagon bai san sunan kifin da yake sayarwa ba, mayar da kuɗinka aljihu.

Abokina dai ya haƙura da minjirya. Yanzu yana neman ƙaramin akwati, kuma tambayar farko da ya yi wa mai shagon ita ce wat nawa matacin ke ci. Kai fa, in an ɗauke wuta a unguwarku, sa'o'i nawa take yi kafin ta dawo? Fara amsa wannan kafin ka zaɓi kifi.