Asibiti a ƙofar gida, magani a nesa: batun inshorar lafiyar 'ya'yan talakawa

Daga Unguwar Gano zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu. Tun da aka kafa asibitin a 1988, daga jihohi maƙwabta, har daga Jamhuriyar Nijar, ake kawo masa marasa lafiya. Amma ga teloli da direbobi da 'yan tireda na Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kusancin nan bai cika amfani ba, domin abin da ya raba su da likita kuɗi ne.

Duk wanda ya zauna a irin waɗannan unguwanni ya san yadda abin yake tafiya. Yaro ya kwana da zazzaɓi, uwa ta aika kemis a sayo maganin da kuɗin hannu ya isa. Kwana biyu jiki bai yi sauƙi ba, a koma a sake sayo wani. Sai ranar da yaro ya fara sanƙarewa ko idonsa ya yi fari fat a ɗauke shi a guje, alhali lamarin ya kai ga gado da ƙarin jini. Abin da gwaji da maganin kwana uku za su warkar ya koma jinyar da ke cinye jarin gida. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, lissafi suka yi: kuɗin kati, na gwaji, na magani, ga cefanen gobe.

Alƙaluma sun tabbatar da wannan hoto. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fita kai tsaye. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu shekara 15 zuwa 49 ke da inshorar lafiya. Binciken ya kuma nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara 5, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 187. Manyan masu kashe su, wato zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari, duk an san maganinsu, kuma ba shi da tsada idan aka zo da wuri. Tun daga 2023 kuma, da aka cire tallafin man fetur aka saki darajar naira, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo.

Amfanin inshora na farko shi ne kawar da jinkirin nan. Uwar da ta san ba za a tambaye ta kuɗi a taga ba, ranar farko za ta kai ɗanta. Na biyu, tana kare gida daga karayar arziki, musamman gidan da ke da yaro mai sikila, wanda ciwonsa ke tashi ba shiri. Na uku yana ɗaukar shekaru kafin ya bayyana. A Amurka, masana tattalin arziki sun bi rayuwar yaran da aka faɗaɗa shirin Medicaid ya haɗa da su, suka ga bayan sun girma sun fi zurfin karatu, sun kuma fi biyan haraji, har gwamnati na mayar da kaso mai tsoka na abin da ta kashe. Yaron da zazzaɓi bai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba, shi ne gobe zai riƙe kansa da iyayensa.

Dokoki kam an yi su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta ware rabinsa don sayen kulawa ta hanyar inshora, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. A 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusun masu rauni, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu da marasa galihu. Jihar Kano ma ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, a 2016, sannan asusun KHETFUND a 2017. Sai dai tsarin ya fi sauƙin kama ma'aikacin gwamnati, wanda ake cire wa kasonsa daga albashi. Mai wankin hula ba shi da albashin da za a cira, kuma ɗansa ne ya fi bukata.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu na ɗari-ɗari da kalmar inshora saboda fatawar da malamai da dama suka bayar kan inshorar kasuwanci. Amma asusun da jama'a ke zuba wa kuɗi don ɗaukar nauyin wanda ya kwanta a cikinsu, ba don ribar wani kamfani ba, ya fi kama da takaful. Hadisi ya yabi Ash'ariyyawa, waɗanda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri guda su raba daidai. Bahaushe ma ya san gayya da gudummawa tun kafin a zo da sunan inshora.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: me kati zai amfana idan aka je asibiti aka ce babu magani, a saya a waje? Nijar ta ɗanɗana wannan. A 2006 ta soke biyan kuɗin jinya ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, iyaye suka yi ta tururuwa zuwa asibitoci, mace-macen yara kuma suka ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya, tare da taimakon wasu matakai irin su rabon gidan sauro. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin, bashi ya taru, magunguna suka riƙa yankewa. Darasin a fili yake: alƙawarin jinya kyauta bai wuce ranar da kuɗinsa ya daina isa ɗakin magani ba. Wannan dalili ne na gyara biyan, ba na watsar da tsarin ba.

Saboda haka abin da ake bukata a Kano a bayyane yake. A riƙa sakin kuɗin da doka ta tanada a kan lokaci, a kuma wallafa abin da ya shiga kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa, domin kwamitin unguwa ya iya tambaya. A kai rajista inda iyaye mata suke, wato wurin awo da rigakafi da makarantun Islamiyya, tare da masu unguwanni da suka san gidan da ke kwana ba a ɗora tukunya ba. Yaron da aka haifa a gidan talaka ya shiga tsarin tun ranar suna, ba sai mahaifinsa ya san wani ba.

Masu albashi da masu hali kuma suna da nasu rabon. Kusan kowannensu ya saba da kiran tsakar dare, cewa an kwantar da ɗan wane, a taimaka. Kuɗin da ake turawa a irin wannan dare sau da yawa zai iya biya wa yaron rajistar shekara guda da ma wani abu ya ragu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai na iya ɗaukar gidaje goma ko ashirin a unguwarsu su biya musu, su kuma bi sawu su ga ana ba su magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron Unguwar Gano yana ganin katangar Asibitin Malam kullum; abin da ya rage shi ne a tabbatar, idan zazzaɓi ya kama shi, mahaifiyarsa ba za ta tsaya ƙirga kuɗi ba kafin ta goya shi.