Kwaskwarima da Garambawul a Ajin Insha'i

Kalmar gyara tana ɗauke da ayyuka biyu da ba su yi kama da juna ba. Maigida yakan ce ya gyara ɗakinsa idan ya yi masa yaɓe da fenti, yakan kuma ce ya gyara shi idan ya rushe bango ya mayar da ƙofa wani gefen. Na farko kwaskwarima ce, na biyu garambawul. Haka abin yake a rubutu. Sai dai makarantu da yawa kwaskwarimar kaɗai suke koyarwa, daga baya a dawo ana mamakin yadda ɗalibi ya kai jami'a bai iya kwance hujjarsa ya sake ɗaura ta ba.

A shekarar 1980 wata malamar rubutu a Amurka, Nancy Sommers, ta wallafa binciken da ya fito da wannan bambanci fili. Ta ɗauki ɗalibai 20 'yan shekarar farko daga Jami'ar Boston da Jami'ar Oklahoma, ta kwatanta su da gogaggun marubuta 20, cikinsu har da 'yan jarida da editoci da malaman jami'a. Kowa ya rubuta maƙala uku, ya sake rubuta kowace sau biyu. Ita kuma ta bi sawun abin da suka goge, da wanda suka musanya, da wanda suka ƙara, da wanda suka sauya wa wuri, sannan ta tattauna da su a kan dalilansu.

Ɗaliban sun ɗauki gyara a matsayin canjin kalmomi. Babban abin da suke gudu shi ne kalma ɗaya ta maimaitu, don haka sai su nemo 'yar'uwarta a ƙamus su dasa. Idan kuwa ra'ayi ɗaya ne ya maimaitu sau uku cikin kalmomi dabam-dabam, ba sa ganinsa. A wurinsu ma'ana ta riga ta kammala tun a daftarin farko, abin da ya rage ado ne. Gogaggun kuwa sun ce da daftarin farko suke gano abin da suke son faɗa. Shi ya sa ba sa jin ciwon jefar da shafi guda, ko ɗauko abin da ya zo a ƙarshe su buɗe da shi.

Da sauƙi a ɗora wannan a kan ƙuruciya ko lalaci. Amma Sommers ta koma ta duba ɓangaren malamai, kuma abin da ta wallafa a 1982 bai yi musu daɗi ba. Ita da abokan aikinta sun nazarci sharhin da malamai 35 na Jami'ar New York da ta Oklahoma suke rubutawa a takardun ɗalibai. Suka tarar da malami yakan bi sakin layi ɗaya yana gyara waƙafi da harafi a tsakanin layuka, sannan a gefen shafi ya rubuta cewa sakin layin yana buƙatar faɗaɗawa. Umarni biyu ke nan masu karo da juna. Wanda aka ce ya yi wa bango fenti, a lokaci guda kuma aka ce ya rushe shi, fentin zai zaɓa, domin ya fi sauƙi, kuma an nuna masa daidai inda zai shafa. Sun kuma tarar da cewa yawancin sharhin gama-gari ne, irin wanda za a iya cirewa daga takardar wani a manna a ta wani ba tare da an lura ba. Ashe ɗalibin da yake canza kalmomi kawai ya koyi darasin da aka koya masa ne, kuma ya koye shi da kyau.

Akwai wani abu da ya fi jan biro ƙarfi a takarda, wato maki. Ruth Butler ta gwada wannan a Isra'ila, ta wallafa sakamakon a 1988. Ta raba yara 132 'yan aji biyar da shida gida uku: wasu aka ba su maki kaɗai, wasu sharhi kaɗai, wasu kuma duka biyun. Aikin da aka ba su ba insha'i ba ne, wasanni ne na kalmomi da na tunani, saboda haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka abin da ya nuna yana da nauyi. Waɗanda suka sami sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi ba su fi masu maki kaɗai ba. Duk malamin da ya taɓa mayar wa aji da takardu ya san dalili: ido yakan sauka a kan lamba, ya leƙa ta maƙwabci, a ninke takarda. Maki hukunci ne, kuma da wuya mutum ya ci gaba da kawo hujja bayan alƙali ya tashi.

Abin da wannan yake nema shi ne a sauya jerin aikin. Daftarin farko kada ya ga maki. Malami ya karanta shi kamar mai karatu na gaske, ya bar tambaya ɗaya ko biyu da ba za su dace da takardar kowa ba sai wannan. Misali, ɗaliba ta rubuta a kan tsadar abinci, malami ya ce mata: "A sakin layi na uku kin ce sufuri ne sanadi, a na biyar kin ce dillalai ne. Wanne kike son mai karatu ya tafi da shi?" Babu ƙamus da zai amsa wannan tambaya. Waƙafi da aya da babban harafi su jira daftari na ƙarshe, domin babu amfanin goge jimlar da wataƙila ba za ta kwana a rubutun ba. Sai bayan nan maki ya zo.

Yana da kyau kuma ɗalibai su ga garambawul da idonsu, tunda littattafan da ake ba su a gama suke, kamar haka suka faɗo daga sama. A 1957 Harper Lee ta kai wa kamfanin ɗab'i na Lippincott labarin wata budurwa da ta dawo garinsu a Alabama daga New York. Editarta, Tay Hohoff, ta ga cewa ran labarin yana cikin ɓangarorin da budurwar take tuna yarintarta. Aka shafe fiye da shekara biyu ana sake rubutu, har labarin ya koma bakin yarinya ƙarama, ya fito a 1960 da sunan To Kill a Mockingbird. Tsohon daftarin an buga shi a 2015 da sunan Go Set a Watchman. Ajin da aka ajiye wa shafi guda daga kowanne zai fahimci cewa ba kalmomi aka canza ba. An canza mai ba da labari, an canza zamanin da yake tsaye.

Malamai suna da ƙorafi biyu a kan wannan tsari, kuma duka biyun na gaskiya ne. Na farko lokaci. Mai ɗalibai 60, idan ya ba kowace takarda minti 20, ya kashe awa 20 a kan aiki guda, yanzu kuma ana cewa ya karanta sau biyu. Amsar ita ce a rage yawan insha'in. Guda uku a zango, kowanne an sake rubuta shi, sun fi guda takwas da aka yi wa maki aka jefa cikin jaka. Tambaya biyu ma ba ta cin lokacin da farautar kowane kuskure take ci. Sannan wani sashe na aikin ɗalibai za su iya yi wa juna: a musanya takardu, kowa ya rubuta a jimla ɗaya abin da ya fahimci abokinsa yana cewa. Idan jimlar ta saɓa wa nufin marubuci, ya ga inda ɓarakar take ba tare da jan biro ya taɓa takardarsa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi tauri, shi ne jarrabawa. A Nijeriya, alal misali, ɗalibin da ya zauna wa Turancin WAEC ana so ya rubuta kalmomi 450 a cikin kimanin minti 50, babu damar daftari na biyu. Me zai sa a koya masa abin da ba zai yi a zauren jarrabawa ba? Amma rabon makin da kansa yana goyon bayan garambawul. Cikin maki 50, guda 10 kacal aka ware wa tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da harafi da alamomi. Sauran 40 suna kan abin da aka faɗa, da yadda aka tsara shi, da yadda aka furta shi. Ɗalibin da ya sha ɗaga sakin layi daga ƙasa zuwa sama a aji yakan fara yin wannan ɗagawar a ransa, a cikin minti biyar na farko, kafin ya ɗora biro a kan takardar amsa.