Azumi Ba Ya Biyan Bashi

Kowace shekara Yahudawa, duk inda suke a duniya, sukan shiga kwanaki goma na tuba, waɗanda ke farawa ranar ɗaya ga watansu na Tishri, wato Rosh Hashana, sabuwar shekararsu, su ƙare ranar goma ga wata da azumin Yom Kippur. Na san wani ya riga ya ɗaure fuska, yana cewa ina ruwanmu da ibadar Yahudu alhali ga abin da ake yi wa mutanen Gaza. Zan zo kan Gaza. A bar ni tukuna in faɗi abin da ya hana ni sakat.

Wani bawan Allah da dangi suka damƙa wa dukiyar marayu tun rasuwar wansa zai tafi Umara. Sai ya turo saƙo a zauren WhatsApp na dangi, wai duk wanda ya ɓata wa, da sani ko da kuskure, ya yafe masa, shi ma ya yafe wa kowa. Nan da nan aka shiga jero “mun yafe” da “Allah Ya yafe mana baki ɗaya”. Matar marigayin tana cikin zauren, ba ta ce uffan ba. Shagon mijinta yana hannun mutumin nan har gobe, yaranta kuwa an kore su daga makaranta saboda kuɗin zango. Ya kuma san inda gidanta yake.

Shi ya sa hankalina ya koma kan waɗannan kwanaki na Yahudawa. Shirin nasu yana somawa tun wata guda kafin sabuwar shekara, a watan Elul. A majami'u da yawa ana busa ƙahon rago kowace safiya ban da Asabar, don a farkar da mai barcin zuciya. Yahudawan da asalinsu daga Andalus da ƙasashen Larabawa ne kan tashi tun kafin asuba suna addu'o'in neman gafara kusan watan duka. Ranar Yom Kippur kuma azumi ne na kusan awa 25, daga faɗuwar rana zuwa fitowar taurarin washegari, ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Maza da yawa suna sa farar riga mai kama da likkafani. Suna tsayawa suna jero laifuffuka bisa tsarin haruffan Ibrananci, suna bugun ƙirji, kuma da bakin jam'i suke faɗa, kowa na ɗaukar laifin al'umma tare da nasa. Da yamma a karanta labarin Annabi Yunusa da tubar mutanen Niniba.

Duk wannan wahala, malamansu sun ce ba ta goge haƙƙin mutum ko ɗaya. Hukuncin yana cikin Mishna, kundin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya. Ranar tana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne kawai. Abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa yana nan daram, sai ya je ya nemi yardar wanda ya zalunta. Kundin ya ƙara da cewa mai yin laifi da niyyar zai tuba daga baya ba a ba shi damar tubar.

Wanda ya fi zayyana yadda ake zuwa ɗin shi ne Musa ɗan Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides. Haifaffen Ƙurɗuba ne a Andalus, ya rayu tsakanin Musulmi, ya yi rubuce-rubuce da Larabci, ya yi likitanci a fadar gidan Salahuddin Ayyubi a Masar, ya rasu a can a 1204. A babban kundinsa na dokoki, Mishne Tora, ya ware wa tuba babi goma, kuma babi na biyu ne ya tsaya mini a rai. Ya ce wanda ya ci dukiyar wani sai ya mayar. Bayan ya mayar ma bai gama ba, sai ya roƙi mai dukiyar ya yafe masa ɓacin ran da ya jawo masa. Ko da baƙar magana ce kawai ya faɗa, haka zai yi. In mutumin ya ƙi yafewa, sai ya ɗauko abokansa uku su raka shi a roƙa. In ya ƙi, a sake komawa, har sau uku. Daga nan ya sauke nauyi, laifi ya koma kan wanda ya ƙeƙashe zuciya. In kuwa malaminsa ne ya ɓata wa, to ko sau dubu ne sai ya yi ta komawa.

In kuma wanda aka zalunta ya riga ya mutu fa? Ɗan Maimun bai bar ƙofar gudu ba. Mai laifi zai tara mutum goma, ya kai su bakin kabarin, ya faɗa a gabansu cewa ya saɓa wa Allah kuma ya zalunci wannan da ke kwance, ya ambaci abin da ya yi masa. Kuɗin kuma ya miƙa wa magada. In bai san magadan ba, ya ajiye a kotu. A duba nauyin abin. Dattijo mai furfura, mai rawani da muƙami, a tsaye a maƙabarta yana faɗa wa mutum goma na unguwa cewa gonar nan da yake nomawa ta mamacin ce. Ɗan Maimun ya kuma rarrabe tsakani: laifin da ke tsakaninka da Allah ka rufa wa kanka asiri, tallata shi rashin kunya ne, amma cutar da ka yi wa mutane abin yabo ne ka bayyana ta a fili. Mai furta tuba da baki alhali bai ƙudurta bari ba, ya kwatanta shi da mai wankan tsarki yana riƙe da mushen ƙadangare a hannu. Alamar cikar tuba a wurinsa ita ce damar laifin ta sake samuwa, ga ƙarfi ga hali, mutum ya kama kansa.

Su ma suna da masu son gajeriyar hanya. Akwai al'adar ɗaukar kaza a zagaya da ita saman kai kafin azumin, zakara ga namiji, kaza ga mace, a yanka a ba mabuƙata, kodayake yanzu da yawa kuɗi suke bayarwa. Malaminsu Yusuf Karo, mai kundin dokokin da aka fara bugawa a 1565, ya ce a bar ta. Mutane ba su bari ba, domin yanka kaza ya fi sallama a ƙofar wanda ka cuta sauƙi.

Yanzu Gaza. Ranar Yom Kippur komai na tsayawa a Isra'ila, a rufe filayen jirgin sama, gidajen rediyo da talabijin su yi tsit, tituna su zama wayam. Da safe a majami'u ana karanta nassin littafin Ishaya da ke ƙin azumin masu danne talaka, yana neman a kwance wa wanda aka zalunta mari, a ciyar da mai yunwa. To wanda ya sa hannu aka rusa gida a kan yara, ko ya tare motar abinci a kan iyaka, da ma'aunin malamansa na kansa azuminsa bai wanke shi ba. Kaburbura nawa zai tsaya a bakinsu? Ina zai samo magadan iyalin da aka shafe baki ɗaya? Akwai Yahudawa da ke faɗin haka da babbar murya, kuma sun fi shugabanninsu riƙo da littafinsu.

Wani zai ce ai addininmu ya ishe mu, kuma gaskiya ne. Duk wanda ya buɗe Riyadus Salihina ya ga Imamu Nawawi ya kawo sharuɗɗan tuba uku, ya ƙara na huɗu in haƙƙin ɗan Adam ne. Yaran Islamiyya sun san wane ne matsiyacin ranar ƙiyama, sun san shahidi ma ba a yafe masa bashi. Sanin nan shi ya fi ba ni takaici. Na sha faɗa a wannan fili, kuma ba zan gaji ba: gwamna ya riƙe fanshon tsofaffi shekara takwas, wasu su mutu suna layin tantancewa, ranar sauka ya hau mumbarin taro ya ce ɗan Adam ajizi ne, a yafe masa, a kuma tafa. Wa ya wakilta masu tafin su yafe a madadin matattu? Wannan wulaƙanci ne a kan zalunci, kuma malamin da ya zauna a wurin ya shafa fatiha ba tare da ya tsawatar ba yana da nasa kason.

Ina roƙon limamanmu, duk lokacin da maniyyaci ko mai barin kujera ya zo neman addu'a, su tambaye shi a keɓe ko akwai haƙƙin wani a hannunsa. In akwai, su tashi su raka shi gidan mai haƙƙin kafin a ɗaga hannu.