Raddi ga Mai Cewa Tsutsa Ta Tabbatar da Hali Zanen Dutse Ne

Wani malamin kimiyya, wanda ya girme ni a shekaru da aikin koyarwa, ya rubuta maƙala da ta zaga hannun malaman makaranta a garinmu. Jigon maganarsa shi ne 'yar tsutsar nan da masana ke kira Caenorhabditis elegans ta tabbatar da cewa duk abin da halitta za ta zama an riga an kulle shi a gadonta tun tana ƙwai, ba abin da maƙwabci ko muhalli zai ƙara ko ya rage. Daga nan sai ya tsallaka kan ɗan Adam, ya ce yaron da bai gaji basira ba, gyara shi wahalar banza ce. Wannan tsallen ne ya hana ni yin shiru, domin abin da aka faɗa yau a ofishin malamai, gobe shi ne hukunci a kan wani yaro a aji.

Idan na ce ƙwaya, ina nufin ƙaramin tubalin nan mai rai da ake gina jiki da shi. Idan na ce umarnin gado, ina nufin yankin DNA da ake gada daga iyaye. Batun ƙaddara kuwa yana da malamansa. Ni maganata a kan sababai ce, waɗanda ido ke gani ta madubin bincike.

Alƙaluman Malam daidai suke, kuma adalci ne in fara da faɗin haka. Tsawon tsutsar kusan milimita ɗaya ne, jikinta garau kamar gilashi, tana balaga cikin kwana uku zuwa huɗu. Sydney Brenner ne ya zaɓe ta don bincike a Cambridge ta Ingila, ya fitar da babban aikinsa a 1974. John Sulston da Robert Horvitz sun bi rabuwar ƙwayoyinta bayan ƙyanƙyasa a 1977, sannan Sulston da abokan aikinsa suka kammala ta cikin ƙwai a 1983. Tsutsar da take mata-maza tana samar da ƙwayoyin jiki 1090, guda 131 su mutu, a bar 959. Brenner da Sulston da Horvitz sun sami kyautar Nobel a 2002. Saɓaninmu yana kan abin da Malam ya ɗora a kan waɗannan lambobi.

Na farko. Malam ya ce tunda kowace tsutsa tana bin tsari guda, to kowace ƙwaya ta san makomarta ita kaɗai.

Amsa ita ce maimaituwar sakamako ba ta faɗin dalilinsa. Ayarin fatake yakan bi hanya ɗaya kowace shekara, amma wanda ya ce kowane jaki ya san hanyar da kansa, sai ya cire madugu ya gani. Haka masana suka yi. Lokacin da ƙwai yake da ƙwayoyi huɗu kacal, akwai biyu 'yan uwa ɗaya, ABa da ABp, waɗanda zuriyarsu ke gina sassa daban-daban. A 1987 James Priess da Nichol Thomson suka sa siririyar allura suka musanya musu wuri. Da a ce kowacce ta zo da nata hukunci, da tsutsar ta fito a hargitse. Sai ta fito lafiya lau, domin kowacce ta ɗauki aikin wurin da ta tsinci kanta. Daga baya aka gano cewa wadda ke jingine da ƙwayar P2, ɗaya daga cikin huɗun, tana karɓar saƙo daga gare ta ta wani furotin mai suna GLP-1. A 1992 kuma Bob Goldstein ya raba ƙwayar EMS, cikon ta huɗun, da P2 da wuri, sai EMS ta kasa samar da hanji. Da ya haɗa su suka taɓa juna, hanji ya samu. Gaskiya ne akwai abubuwan da uwa ke zubawa a ƙwai, a raba su ba daidai ba tun rabuwar farko, kuma wannan yana tare da Malam. Amma tun ƙwayoyi ba su wuce huɗu ba magana ta fara shiga tsakaninsu.

Na biyu. Malam ya ce ko da akwai irin wannan saƙo, ƙaramin abu ne, manyan gaɓoɓi ba su dogara da shi ba.

Mu duba ƙofar da tsutsa ke fitar da ƙwai. A jikin tsutsar akwai ƙwayoyi shida jere, daga P3.p zuwa P8.p, kowacce tana iya shiga aikin gina ƙofar. A samansu akwai ƙwaya guda, na kira ta ƙwayar turke don a jikinta aikin yake ɗaure. Ita ke fitar da saƙon LIN-3. Ta kusa da ita, P6.p, ta fi jin saƙon, sai ta haifi ƙwayoyi takwas na tsakiyar ƙofa, kuma ta aika wa maƙwabtanta biyu cewa ta riga ta kama tsakiya. Su kuma kowacce ta haifi bakwai na gefe. Jimla 22. Ukun da suka rage su koma fata. A 1981 Judith Kimble ta kashe ƙwayar turke da hasken leza tun da wuri, sai duk shidan suka zama fata, ba ƙofa. Wanda ya taɓa ganin irin wannan tsutsa ba ya mantawa: ƙwayayen suna ƙyanƙyashewa a cikin uwar, 'ya'yan suna motsi cikin fatarta kamar a jaka, suna cin ta har ta mutu. Umarnin gadonta bai ragu da ko ɗaya ba. Muryar ƙwaya ɗaya aka ɗauke, kuma abin da ya biyo baya ke nan.

Na uku. Malam ya ce babu ƙwayar da ke da hanya biyu a gabanta.

Ita kanta ƙwayar turke ta rushe wannan. Ƙwayoyi biyu ne, Z1.ppp da Z4.aaa, ke iya zama ita. A kusan rabin tsutsotsi ta farko ce ke zama, a sauran kuma ta biyu. Suna farawa kowacce tana aika saƙo tana karɓa, har ɗaya ta ɗan rinjaya, sai ɗayar ta sakar mata ta koma ginin mahaifa. Idan aka kashe ɗaya, wadda ta rage ita ke zama turke. Iva Greenwald da Paul Sternberg da Horvitz sun nuna a 1983 cewa umarnin gado mai suna lin-12 ne ke riƙe da wannan sulhu. Idan ya lalace, duka biyun su zama turke. Idan ya yi aiki fiye da kima, ba wadda za ta zama. To a nan me gadon ya rubuta? Ya rubuta ƙa'idar shawara, ya bar sunan wadda za ta ci ga shawarar kanta.

Na huɗu. Malam ya ce ƙwayoyi 131 da ke mutuwa an haife su da hukuncin kisa a wuyansu.

Nan ne hujjarsa ta fi ƙarfi, ba zan ɓoye ba. Umarnin ced-3 da ced-4 suna aiki a cikin ƙwayar da za ta mutu, ced-9 kuma yana kare masu rai. Sai dai a 2001 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya ta Horvitz, suka nuna cewa maƙwabciyar da ke haɗiye gawar tana da hannu a mutuwar. Idan aka raunana ced-3 kuma aka hana maƙwabciyar haɗiya, wasu ƙwayoyin da suka fara mutuwa sukan farfaɗo su ci gaba da rayuwa. Ko a wurin da Malam ya fi tsayawa da ƙafafunsa, maƙwabci bai fita daga lissafi ba.

Na biyar. Malam ya ce muhalli ba ya juya tafiyar.

Ɗauki tsutsotsi masu gado iri ɗaya, ka raba su gida biyu. Waɗanda ke da wadatar abinci za su balaga cikin kwanaki, su mutu bayan mako biyu zuwa uku. Waɗanda suka tashi cikin cunkoso da yunwa da zafi kuwa, sukan shaƙi wani sinadari da 'yan'uwansu ke fitarwa, jijiyoyin kansu su kai labari ga sauran jiki, sai su shiga wani hali da ake kira dauer da Jamusanci, ma'ana mai daɗewa. Baki ya toshe, fata ta yi kauri, jiki ya sirance, su jure watanni ba ci. Da abinci ya dawo sai su farka su ƙarasa girma. Manomin da ya ga irin da ya kwana a busasshiyar ƙasa har ruwa ya sauka ya san wannan hikima. Gado ɗaya ne, jiki biyu, kuma abin da ke waje ne ya zaɓa.

Na shida, wanda shi ne ya fi damuna. Malam ya ɗauki hukuncin tsutsa ya ɗora wa ɗalibi.

Tsutsar tana da ƙwayoyin jijiya 302. Ƙwaƙwalwar mutum tana da kimanin biliyan 86, kuma haɗe-haɗensu suna canzawa da koyo. Akwai dangantaka tsakaninmu da ita, ba musu. Furotin LET-60 da ke isar da saƙon ginin ƙofar ƙwai ɗan'uwan Ras ne, wanda lalacewarsa ke cikin sankara iri-iri a jikin mutum, kuma ced-9 yana da takwara a jikinmu mai suna Bcl-2. Amma a lura da abin da muka yi tarayya a kai: hanyoyin aika saƙo da karɓarsa. Idan halitta mai ƙwayoyi 959 ba ta ginuwa sai da magana tsakanin maƙwabta, ina ga yaron da ke da uwa da uba da malami da abokai?

Ba na musun gado, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da nake musu shi ne a kafa hujja da wannan tsutsa don a sallama yaro. Ƙwayar P6.p tana ɗauke da dukkan umarnin da take buƙata, amma da aka ɗauke mai yi mata magana sai ta zama fata kamar kowa. A cikin aji, Malam, mu ne a wurin mai maganar. Ina roƙon ka sake duba aikin Kimble da na Goldstein, sannan ka janye sakin layin ƙarshe na maƙalarka kafin wani ƙaramin malami ya riƙe shi hujjar daina kiran sunan yaron da ke zaune a bencin baya. Allah ne mafi sani.