Hoto Ɗaya Kullum: Wa Zai Tuna Da Kwanon Tuwonmu?

Yau ina so mu ɗan kauce wa zancen labarai da marubuta, mu taɓa wata 'yar al'ada da wasu mutane suka ɗora wa kansu, wato ɗaukar hoto guda ɗaya a kowace rana ta Allah, ko da daɗi ko ba daɗi, ko akwai abin kallo ko babu. Da jin haka wani zai ce ai wannan aikin marasa aikin yi ne. Ni kuwa a ganina mu Hausawa muna cikin waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan al'ada, kuma zan faɗi dalilina.

Wanda ya fi yin suna a kanta wani Ba'amurke ne, Jamie Livingston. Ya fara ne ranar 31 ga Maris, 1979, lokacin yana ɗalibi a kwalejin Bard da ke jihar Niyok, da kyamarar Polaroid, irin wadda ke tofo hoton nan take ba sai an kai wanki ba. Bai daina ba sai ranar 25 ga Oktoba, 1997, ranar da ya cika shekara 41 a duniya, kuma ranar da ciwon daji ya yi ajalinsa. Ya bar hotuna sama da 6,000, kowanne da kwanan watansa. Abokansa ne suka tattara su bayan rasuwarsa, aka baje kolinsu a 2007, daga baya duniya ta gan su a intanet. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga akasarinsu ba wani abin a zo a gani ba ne: abokai a zaune, abinci a kan tebur, titi, ɗaki a hargitse. Amma da ka yi nisa sai jikinka ya yi sanyi, domin kana kallon mutum yana girma, abokansa suna tsufa, garinsa yana sauya kama, har ka iso hoton zoben aurensa a watan da ya rasu, sannan gadon asibiti. Hoto ɗaya daga ciki ba ya cewa komai, jerin ne yake magana.

To yanzu mai karatu, don Allah ka tuna da albam ɗin gidanku, wannan da ake ajiyewa a ƙasan akwati ko a kan kabad ana miƙa wa baƙi. Me ke ciki? Hoton Sallah, kowa da sababbin kaya. Hoton ɗaurin aure da na suna. Hoton situdiyo, an tsaya gaban labule mai zanen bene, an riƙe kan tarho ko furen roba. Sai hoton fasfo na Hajji. In da wani zai rubuta tarihinmu da waɗannan hotuna kaɗai, cewa zai yi mutanen nan kullum cikin shadda da leshi suke, ba su taɓa daka ba, ba su taɓa zuwa cefane ba, ba su taɓa zama a gindin murhu hayaƙi yana sa su hawaye ba.

Iyayenmu suna da uzuri. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, ga kuɗin wanki, ga mai hoton sai an aika an kira shi, don haka ba wanda zai ɓata fim a kan tukunyar miya. Mu fa? Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 abubuwa suka yi ta sauƙi, har aka kai yau kusan kowace waya da kyamararta. Kyamara ta zama araha, amma idonmu bai sauya ba. Har yanzu biki, anko, lalle da fuskar da aka goge da tacewar waya har ta daina kama da mai ita, su ne suka cika wayoyinmu.

Abin da mutum yake gani kullum shi ne abin da ba ya tunanin zai ɓace, kuma shi ne ke ɓacewa ba sallama. A watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano. Kafin nan, in ka tsaya a kowace mahaɗar titi da safe, baburan nan kamar fari suke, ga hayaƙi, ga ham, ga faɗa da masu mota. Yaron da aka haifa a shekarar yau yana sakandare, adaidaita sahu kawai ya sani. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya ciro hoto ya ce masa ga yadda titin unguwarmu yake a da? Haka masu kiran waya a ƙarƙashin lema, haka shagunan hayar kaset ɗin bidiyo, haka 'yan teburan hayar littattafai da da yawa daga masu karanta wannan rubutu suka fara karatun labari a wurinsu. Duk mun gan su da idonmu, duk sun tafi ko suna kan tafiya. Ko dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, hotunanta da muke yaɗawa galibi na gwamnati ne da na Turawa. Sun nuna mana tsawon dalar, amma abin da leburan da suka jera buhunan suke ci da rana sai dai mu tambayi tsofaffi.

Abinci kuwa shi ne inda na fi son a tsaya. A ce wata baiwar Allah ta ɗauki hoton abin karin kumallon gidanta kullum tsawon shekara goma, ba tare da gyara ko ƙawata faranti ba. Abin da za ta tara ya fi ƙarfin girki. Za a ga lokacin da koko da ƙosai suka ba shayi da burodi wuri, da lokacin da Indomie ta kutso, da watan da aka koma ɗumamen tuwo domin aljihu ya yi sanyi. Za a ga ƙosan kansa yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara alhali kuɗinsa yana hawa. Za a ga akushi ya ba kwanon samira wuri, samira ta ba kula, kula kuma wani lokaci ta ba leda. A bayan hoton za a hango murhun icce, sai risho, sai tukunyar gas, sai kuma a ga an dawo wa gawayi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa, masana kuma suka yi ta kawo alƙaluma, amma jikanka ba zai gane alƙaluma ba kamar yadda zai gane hoton kwanon miya da ya taɓa ɗaukar yanka biyar na nama ya koma ɗaukar biyu.

Sannan akwai abincin da ke janyewa daga gidajenmu a hankali. Yaushe rabon wasunmu da tubani, ko hoce, ko wasa-wasa, ko burabusko na gero? Dambu da fate da ɗanwake da kwaɗon zogale dai suna nan da ransu, amma hannun da ya iya su yadda kakanni suke yi yana raguwa. Ana iya rubuta yadda ake yin nakiya a takarda, amma launin da take yi in ta yi daidai, da yadda tsohuwa ke riƙe taɓarya, wannan sai hoto.

Kada a ce wannan tunanin Turawa ne kawai. J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya, tun 1968 ya dinga bin mata yana ɗaukar hoton kitsonsu, mafi yawa ta baya ko ta gefe, har ya tara kusan 1,000. A lokacin kitso ne kawai, abin da ake gani a kowane layi; yau hotunansa suna manyan gidajen baje koli na duniya, kuma su ne shaidar salon kitso da yawa da aka daina yi. A Maiduguri ma, daga 2015 Fati Abubakar ta fara sa hotunan rayuwar garin a Instagram da sunan Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu sana'a, a daidai lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai tashin bam. Ba wani abin mamaki ta ɗauka ba, mutane ne suna harkarsu, kuma wannan ɗin ne ya zama labari.

Abubuwan sha'awarmu ma haka suke zaune ba mai lura. Mai kiwon tattabaru a saman soro, dattawa masu dara a gindin bishiya, matar da ke ɗinkin hula da yamma, samari masu ƙwallo a fili kafin a yanka shi filoti. Mai irin wannan sha'awa shi ya fi kowa sauƙin riƙe al'adar hoto kullum, domin dama kullum yana wurin.

Na san akwai masu ja, kuma jansu da gaskiya a ciki. Wani zai ce a lokacin da maƙwabci ke kwana da yunwa, nuna hoton abinci rashin tausayi ne. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma tarbiyyarmu ma ta hana cin abu a gaban mai buƙata ba tare da tayi ba. Sai dai ɗaukar hoto daban, watsa shi daban. Livingston ya yi shekara 18 yana ɗauka yana ajiyewa, duniya ba ta gani ba sai bayan ransa. Matsalar mai sa hoton kaza a WhatsApp ita ce yana zaɓen ranar kaza ya ɓoye ranar garau-garau. Mai hoto kullum ba shi da wannan damar. Ranar garau-garau ma sai ya ɗauka, in kuwa ya tsallake ta ya ɓata aikin. Wani kuma zai kawo saɓanin malamai a kan hoton mai rai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga kwano, ga titi, ga kayan sana'a, ga sararin sama a farkon damina, ba zai rasa abin ɗauka ba. Inda ba ni da sassauci shi ne ɗaukar mutum ba da izininsa ba. Matar aure a tsakar gida, almajiri, mara lafiya, mai talla: in ba su yarda ba, a mayar da waya aljihu.

Abu na ƙarshe shi ne ajiya, kuma nan ne mafi yawanmu za su faɗi. Waya tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta, katin ajiya yana lalacewa, hoton da aka tura ta WhatsApp kuma an matse shi ya rage kyau. Duk ƙarshen wata a kwashe hotunan zuwa kwamfuta ko wata ma'ajiya ta biyu. A sami ɗan littafi a rubuta kwanan wata, da wurin, da farashi in abin saye ne, domin hoton mudun gero ba tare da kuɗinsa ba rabin shaida ne. In shekara ta ƙare a zaɓi 12, ɗaya daga kowane wata, a kai a wanke su a takarda, a sa su cikin albam ɗin nan na ƙasan akwati, kusa da hoton Sallah.