Lambar Rasit Ba Ado Ba Ce: Shawara Ga Masu Haɗa Manhajar Shago

Matasanmu masu haɗa wa 'yan kasuwa manhaja sukan ɓata lokaci kan kala da tambari, su bar lambar rasit yadda ta fito. A ganina wannan lambar ta fi komai muhimmanci, domin ita ce shaida ranar da aka yi gardamar bashi.

A ce dillalin taki yana da shago a Tambuwal da wani a Kebbe, yana ba manoma bashi zuwa kaka. Idan kowane shago ya fara ƙirga daga 1, za a sami rasit biyu masu lamba 45. Wanne aka biya? Maganinsa a sa alamar reshe da shekara: TBW-2025-000045 da KBE-2025-000045.

Amma kada a mayar da wannan doguwar lamba mabuɗin tebur. A bar MySQL ya riƙa ba da tasa lambar ta AUTO_INCREMENT, a haɗa ta rasit sau ɗaya, a adana ta a nata gurbin da sharaɗin UNIQUE. In ana sake haɗa ta duk lokacin bugawa, ranar da aka sauya tsari tsofaffin rasit za su saɓa da takardar da ke aljihun manomi.

Akwai tarko biyu. LPAD, mai cika sifili a gaba, yana yanke lambar da ta wuce tsawon da aka ba shi: in ka ce gurbi 4, rasit na 10000 zai koma 1000. Ka ba shi 6. Na biyu shi ne ɗauko lamba mafi girma a ƙara 1. Ma'aikata biyu suka danna tare, lamba ɗaya za su samu.

Wasu za su ce AUTO_INCREMENT yana tsallake lamba idan ciniki ya katse, mai shago kuma ya zargi yaransa da ɓoye rasit. Gaskiya ne. Mai son jeri ba giɓi sai ya ware teburin ƙirga na kowane reshe, wanda ake kullewa har a gama adanawa.

Manya ba sa wasa da wannan. Lambar asusun banki ta NUBAN alƙaluma 10 ce, na ƙarshen aikinsa kama kuskure. RRR ta Remita 12 ce. Shagon ƙauye ma ya cancanci irin wannan kulawa, don kuwa rigakafi ya fi magani. Kafin ka karɓi manhaja, ka sa a gwada maka rasit na 10000.